Sharhi kan fassarar «pointe atérienne» da Hausa

A arewa maso gabashin Abzin, daf da Tenere, akwai dutsen Adrar Bus. Koramun da ke gindinsa sun ƙafe, amma a da mafarauta sun zauna bakinsu suna fasa dutse. A 1970 J. Desmond Clark ya yi aiki a wurin, an kuma buga cikakken sakamakon a 2008. Cikin abin da aka tsinto akwai wani irin sassaƙaƙƙen dutse mai ƴar wutsiya a gindi, wadda ake cusawa cikin ƙota. Masana na ce masa «pointe atérienne», daga Bir el-Ater ta Aljeriya, sunan da Maurice Reygasse ya raɗa wajen 1920.

Duk mai shirya ɗan littafin tarihin ƙasa don karatun manya, hannunsa zai kai ga «bakin mashi». Muna ganin kuskure ne, kuma tushen kuskuren yana cikin faransancin kansa.

Kalmar «pointe» fuska biyu gare ta. Tana nufin siffa, wato tsini. Tana kuma nufin makami. Masu rarraba duwatsu, daga François Bordes da irinsa 63 a 1961 har Jacques Tixier da irinsa 112 a 1963, siffa suke aunawa, amma mai karatu makami yake ji. Hausa ba ta ba da wannan mafaka. In ka ce mashi, ka ce jifa ko suka. In ka ce kibiya, ka kawo baka da kwari. In ka ce wuƙa, ka ce yanka. Ko sassan ma da sunansu: baki, kunne, ruwa, ƙota. Mai fassara ba shi da wurin laɓewa, tilas ya yanke hukuncin da masanin bai yanke ba.

To, hukuncin bai tsaya ba. A 2011 Radu Iovita ya auna siffar ɗaruruwan waɗannan duwatsu, ya nuna yadda suke gajercewa da karkacewa ya fi kama da kayan yanka ko kankara da ake ta wasawa, ba makamin jifa ba. Binciken alamun aiki a kogon Ifri n'Ammar na Maroko, inda masu wutsiya suka haura shekara 100,000, ya nuna wasu an yi farauta da su, wasu an kankare fata. Wutsiyar shaida ce ta ƙota kawai. Fartanya ma ƙota gare ta.

Matsala ta biyu ta fi damun mu. A Adrar Bus ɗin nan akwai wani iri, «pointe d'Ounan», wanda Henri Breuil ya ba suna a 1930 daga wani wuri a arewacin Mali. Siririya ce, an cire ta daga dogon ɓallin dutse, ta zamanin da ruwa ya dawo Sahara ce, wajen shekara 10,000 da suka wuce. Tsakaninta da ta Ater akwai dubban shekaru na fari. In duka biyu suka zama «bakin mashi na dutse», ɗalibi a Tawa ko Damagaram zai ɗauka aikin mutane ɗaya ne.

Ba mu ce a aro faransancin ba. «Ateriyan» ba ta gaya wa manomi kome. Ba mu kuma yarda da a jingina ga «gatarin aradu» ba, ko da yake ita ce kalmar da mutanenmu suka sani, don tana nufin gogaggen gatari na zamanin baya-bayan nan, ga ta kuma ɗauke da nata bayanin asali. Shawararmu ita ce a bi siffa a bar aiki: «dutse mai wutsiya irin na Ater», «siririn tsini irin na Unan». Sunayen sun yi tsawo, mun sani. A shafin farko ne kawai za a kawo su cikakku, tare da zane; daga nan «mai wutsiya» da «ɗan Unan» sun isa.