Kacici-kacici a Talbijin: Daɗin Yana Wajen Faɗuwa

Mai karatu, me zai sa mutum ya share rabin awa yana kallon manya huɗu suna kasa amsa tambaya, kuma ya tashi cikinsa na ciwo don dariya? In ka ce neman ilimi ne, to ai littafi ya fi su. Sirrin yana wani wuri.

Ɗauki shirin QI da BBC ta fara a Ingila a 2003, Stephen Fry na jagora kafin Sandi Toksvig ta karɓa a 2016. 'Yan barkwanci ake jerawa a yi masu tambaya. Wanda ya yi wuf ya faɗi amsar da kowa ke zaton ita ce daidai, alhali kuskure ce, sai ƙararrawa ta ɗau kuka a zaftare masa maki. Wanda ya kauce hanya amma ya kawo zance mai daɗi, sai a ƙara masa. Ka ga ke nan makin wasa ne, faɗuwar ita ce hajar.

To wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a Ketare ko Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ya san hirar dare. A ce "Ƙulin ƙulifita", ka ce "Gauta". A ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ka yi ta lalube, kana kawo shirme ana shewa, har ka gaji ka ce "Na ba ka gari." Ka miƙa Katsina sukutum, sannan a ce maka tsintsiya ce! Ba wanda ya rasa ko sisi, ba wanda ya ji kunya. Irin lasisin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, shi ke aiki a nan: a tsokane ka, ka rama, a tashi lafiya. Mai kallo kuma yana amsawa a ransa, in ya riga babban mutum ganowa ya ji kansa ya yi girma.

Kwatanta da Who Wants to Be a Millionaire, wanda Frank Edoho ya fara gabatarwa a Nijeriya a 2004. Shi ma ya ja jama'a, amma da faɗuwar gaba. Can kuskure asara ce, nan kuskure riba ce.

Inda nake da ƙorafi shi ne gidajen talbijin ɗinmu. Kacici-kacicin da aka fi nuna mana na 'yan makaranta ne: yara a takure, alƙali ya murtuke fuska, kamar ana jarrabawa. Barkwanci kuwa an killace shi a wasan kwaikwayo, tun zamanin Samanja da Karkuzu har zuwa marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014. Me ya hana a haɗa su a tebur ɗaya?

Sai dai a kula, aikin ba na ashararanci ba ne. Yana buƙatar marubuci da zai tono tambayoyi masu tarko daga tarihi da karin magana, da jagora mai kaifin baki wanda ya san iyakar wasa. In aka koma yi wa naƙasa ko talaucin wani dariya, an bar raha an shiga cin mutunci.

Yaran da waya ta ɗauke wa hirar dare ba za su dawo gindin kaka ba. In ana so su san "Ƙulin ƙulifita", sai a kai masu ita inda idonsu yake. Furodusoshi, ga fili ga mai doki.