Lokacin kashewa da kunnawa a fasahar da ke amsa wa mai kallo

Fasahar da ke amsa wa mai kallo reshe ne na aikin masu zane da ƙira, wadda ake haɗawa da kyamara da na'urar jin motsi da majigi, sannan a ɓoye kwamfuta a bayan bango tana juya komai. Mutum ya ɗaga hannu, hoto ya sauya. Ya matso kusa, sauti ya tashi. Myron Krueger ya soma irin wannan a Amurka cikin shekarun 1970 da aikinsa Videoplace. Daga baya Jeffrey Shaw ya fito da The Legible City, inda mai kallo ke hawa keke yana ratsa birnin da aka gina da haruffa. A 2012 kuma aka buɗe Rain Room a cibiyar Barbican ta Landan, ɗakin da ruwa ke zuba daga sama amma yake ɗaukewa a daidai inda mutum ya tsaya.

Duk waɗannan ayyuka suna da matsala guda wadda mai kallo ba ya gani. Ana gama bikin buɗewa mai aikin zai kama hanyarsa, a bar na'urar wata uku ko fiye a hannun ma'aikacin ɗaki, wanda aikinsa buɗe ƙofa ne da lura da baƙi, bai kuma san manhajar ba. Daga nan aka sami al'adar tsara wa kwamfuta lokacin da za ta kashe kanta da dare, ta tashi da safe, ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Babban dalilin kashewar yana cikin manhajar kanta. Yawanci mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan suka rubuta ta, cikin gaggawa, kuma ba a taɓa gwada ta tsawon makonni ba. Irin wannan manhaja takan riƙa cin ƙwaƙwalwar kwamfuta kaɗan-kaɗan ba ta saki, har hoto ya fara sarƙewa, daga bisani ya daskare. Akwai kuma matsalar ƙidaya: ƙaramin allon Arduino, wanda masu wannan fasaha ke yawan amfani da shi, yana ƙirga lokaci da lambar da ke cika ta koma sifili bayan kimanin kwana 50, kuma manhajar da ba a shirya wa hakan ba takan rikice. Tashi sabo kowace safiya yana share waɗannan duka. Ban da haka, zafi na cin kayan aiki, ƙwan majigi kuma da sa'o'i ake ƙidaya ransa, don haka ƙona shi a ɗakin da babu kowa asara ce tsantsa.

Kashewa abu ne mai sauƙi. A Windows ana sa umarnin cikin Task Scheduler, a Linux cikin cron, a kwamfutar Apple kuma ta umarnin pmset, tunda an cire wannan zaɓi daga shafin saituna a macOS Ventura na 2022. Wahalar tana wajen tashi, domin kwamfutar da ta mutu ba ta jin umarnin manhaja. A yawancin kwamfutoci sai an shiga saitunan BIOS an ɗaura mata agogon farkawa, a kuma umarce ta ta kunna kanta duk lokacin da wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ma ba ta da agogon kanta sai a samfuri na biyar da ya fito a 2023. Bayan kwamfuta ta tashi, dole ta shiga ba tare da neman kalmar sirri ba, ta buɗe aikin ya cika allo, ta kuma hana sanarwar sabunta manhaja fitowa a tsakiyar hoto.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da soket mai agogo wanda ke yanke wuta kai tsaye. Yana da arha, amma yanke wuta alhali kwamfuta na rubutu yakan lalata katin ajiya, majigi mai ƙwai kuma yana bukatar fankarsa ta ɗan yi aiki kafin ya huce. Tsarin da ya dace shi ne manhaja ta ajiye abin da ke hannunta ta rufe, majigi ya huce, kwamfuta ta mutu, sannan a yanke wuta.

Wannan jadawali ya cancanci a ɗauke shi a matsayin ɓangare na aikin, mai aikin ne kuma ya kamata ya yanke shi ya rubuta shi. A Pulse Room na Rafael Lozano-Hemmer, na 2006, kowane ƙwan fitila yana ƙiftawa da bugun zuciyar wani baƙo da ya riga ya wuce. A aiki irin wannan, tambayar ko na'ura za ta tuna baƙin jiya ko za ta wayi gari babu kowa a cikinta tambaya ce ta ma'ana, bai kamata a bar wa mai gyaran kwamfuta ita ba.

Gidajen adana kayan fasaha sun kai ga amfani da jadawalin domin tsawaita ran ayyukan da kayansu suka tsufa. Hasumiyar Nam June Paik mai talabijin 1,003, wadda aka kafa a Gwacheon ta Koriya ta Kudu a 1988, an kashe ta a 2018 saboda fargabar gobara. Da aka sake kunna ta a 2022 bayan gyara, an ƙayyade mata 'yan sa'o'i a wasu ranakun mako, domin an daina ƙera irin talabijin ɗin da ke jikinta.