Barmani Coge da Kiɗan Ƙwarya: Yabo da Gyara

Duk wanda ya san Zariya ya san Kwangila, inda hanyar Kano da Kaduna ta gamu da wadda ta bi ta Samaru da Shika da Giwa ta nufi Funtuwa. Ran nan na taso daga Tudun Wada za ni Funtuwa, na zauna a nan ina jiran mota ta cika. Kusa da ni wata mace tana tuyar ƙosai, ta jingina wayarta jikin kwando, waƙar Barmani Coge tana tashi daga ciki. Sai wani dattijo da ke gefena ya ɓata fuska, ya ce, "Baiwar Allah, kashe mana wannan abu, ai batsa ce tsagwaronta."

Matar ta rage murya, ta rusuna, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Amma kaskon nan da ka ke gani, waƙar matar nan ce ta sa na saye shi."

Dattijo bai tanka ba. Mota ta cika muka tashi, amma maganar ba ta bar ni ba har muka isa, domin na ga kowannensu yana da tasa gaskiya. Ita ce na ke so mu auna a nan, mu ga abin da Barmani ta kawo na kirki, da kuma inda ta gaza.

Sunanta na yanka Sa'adatu. 'Yar ƙasar Funtuwa ce, an haife ta cikin shekarun 1940. An yi mata aure tana yarinya kamar yadda aka saba a wancan zamani, ta haifi 'ya'ya 12. Wajen farkon shekarun 1970 ta ɗauki waƙa sana'a sosai, ta tara mata 'yan amshi da masu kiɗa, ta zama shugabarsu. Ta yi shekara wajen 40 a kan wannan aiki, har Allah ya karɓi ranta a Funtuwa cikin watan Maris na 2013, bayan ta sha jinya. Funtuwa kuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa da baƙi, garin da Alhaji Mamman Shata ya daɗe da zama. Irin wannan gari, inda kuɗi ke yawo kuma bakin mutane ya ke a sake, shi ne ya kan raini mawaƙi.

Kiɗan da ta ke yi shi a ke kira amada. Ba ita ta ƙago shi ba. Tun kafin sunanta ya fito an san Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano, kuma tun kafin su duka biyu matan aure suna yinsa a cikin gida ran suna da ran biki. Kayan aikinsa ba su da wuyar samu, ƙorai ne kawai. A kan kife wata bisa ruwa a cikin babban mazubi, a kife waɗansu a ƙasa, a bi su da 'yan sanduna. Iskar da ta maƙale tsakanin ƙwarya da ruwa ita ke ba da wannan amo mai zurfi kamar na babbar ganga, sauran ƙorai kuwa su riƙa yi mata ƙwalli da ƙaramin sauti. Mai karatu, dubi hikimar da ke nan. An bar wa maza kalangu da kotso da taushi, mace ba ta da rabo a cikinsu. Sai ta waiwaya ɗakin girki, ta ɗauko abin da ta ke dama fura a ciki, ta mai da shi ganga. Wannan ita ce gaskiyar masu cewa in ba ƙira, me ya ci gawayi.

Abu na fari da za a yaba wa Barmani shi ne harshe. Makaɗan fada su kan yi Hausa mai nauyi, cike da kirari da sunayen kakanni, wadda sai an zauna an warware. Ita kuwa da Hausar tsakar gida ta ke waƙa, irin wadda mata ke yi a bakin murhu da wurin daka, mai habaici da zolaya da gatse. Ba ta jan baiti ya yi tsawo. Ta kan jefa magana gajeriya, 'yan amshi su cafe, ta sake jefa wata kafin waccan ta huce. Muryarta ba siririya ba ce, ba ta kuma yi mata kwalliya. Murya ce ta uwar gida wadda ta ga jiya ta ga yau, in ta yi magana a saurara. Sabo da haka macen da ba ta taɓa shiga aji ba ta kan haddace waƙarta daga ji biyu ko uku. Wanda ya ke tsammani wannan abu ne mai sauƙi, to, ya gwada tsara magana guda wadda mata dubu za su riƙe shekara 30.

Abu na biyu shi ne abin da ta zaɓa ta yi waƙa a kansa. Ta yi yabon masu kyauta, gama da wannan a ke cin abinci a sana'ar roƙo, amma ba da yabo aka san ta ba. An san ta da zaman aure, da haihuwa, da kishi, da neman na kai. Babbar waƙarta a wannan fanni ita ce wadda a ke kira "A Kama Sana'a Mata", inda ta zuga mata su tashi su nemi abin hannunsu, ta kuma yi wa mai zaman jiran miji dariya. Ba ta ce mace ta bar ɗakinta ba, ba ta ce ta raina mijinta ba. Abin da ta nuna shi ne, macen da ke da 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zane ba ta tsayawa roƙon kuɗin sabulu, in kuwa aure ya mutu ko miji ya kwanta ciwo ba ta tagayyara. Hukuma ta sha faɗin wannan magana a rediyo da takardu, amma ba ta shiga kunne kamar yadda ta shiga daga bakin Barmani ba, domin ita ba daga ofis ta ke magana ba. Ita kanta da sana'arta ta ci, ta sha, ta yi hidimar gida. Mai ƙosan Kwangila shaida ce.

Amma fa a nan akwai abin da waƙar ta tsallake. Sana'ar macen da ke cikin kulle, ko ƙuli-ƙuli ce, ko fura, ko tuwon sayarwa, ba ta kai kanta kasuwa. Yarinya ce ke ɗaukar talla. Uwa ta sami jari, 'ya ta rasa makaranta, ta kuma yini tsakanin 'yan tasha. Wanda ya zauna Kwangila sa'a guda ya ƙidaya 'yan mata masu faranti a ka, ya san abin da na ke nufi. Barmani ta koya wa uwa neman kuɗi, da ma ta ƙara da wata waƙa mai ƙarfi irin wannan a kan karatun 'ya.

Sai maganar kishiya. Waƙarta "Sakarai Ba Ta da Wayo" tana cikin waɗanda suka fi tashe, kuma ba shakka an tsara ta da gwaninta. A cikinta uwar gida ce ke yi wa kishiya ba'a. Masu kare ta suna cewa ai magani ce: macen da aka yi wa kishiya, zuciyarta na tafasa, in ta taka rawa ta yi dariya a gidan biki, ta fitar da abin da ke cinta, ta koma gida da sauƙi, ya fi ta kai shi wurin boka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka ni ina ganin waƙar ta bar jaki tana dukan taiki. Ita kishiyar ba ita ta kawo kanta ba, wani ne ya je ya nemo ta. In akwai rashin adalci a rabon kwana ko na cefane, ba daga ɗakinta ya taso ba. Waƙar ta haɗa mace da mace faɗa, mai gida kuwa ya fita fes, ko ƙura ba ta taɓa rigarsa ba. Mawaƙiyar da ta iya ba'a haka, da ta juya bakinta ga miji marar adalci, da ta yi aikin da ba wanda ya yi.

Haka kuma waƙarta ta "Gwarne Ikon Allah". A al'adarmu macen da ta yi ciki tun ba ta yaye na goye ba ta kan sha gori wurin 'yan'uwanta mata, kamar ita kaɗai ta yi laifin. Barmani, wadda ta san zafin haihuwa sau 12, ta tsaya wa irin wannan mace, ta share mata hawaye, ta mai da abin kunya abin alfahari. Tausayin da ke ciki abin yabo ne. Amma kada mai saurare ya ɗauke ta shawarar likita. Addini ya ambaci shekara 2 na shayarwa, masana lafiya kuma suna ba da shawara a huta kamar wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, don lafiyar uwa da ta ɗa. A cire gori, i. Amma a bar hutu.

Yanzu mu komo ga ƙarar dattijon tasha. Gaskiya ne Barmani tana da waƙoƙin da ta ambaci jikin mace a fili, har da wadda a ke kira "Waƙar Duwaiwai". Ba zan ce ba ta yi ba. Abin tambaya shi ne, wa aka yi wa su, a ina kuma? Amada kiɗan cikin gida ne. Mata ne ke kiɗa, mata ke rawa, mata ke kallo, namiji yana can zaure. A irin wannan wuri tsofaffi su kan faɗa wa amarya abin da uwarta ke jin nauyin faɗa mata, da wasa da dariya. Da kaset ya yawaita cikin shekarun 1970 da 1980, sai ya ɗauki abin da a ke faɗa a bayan labule ya kai shi kasuwa da tasha da cikin mota, ya zuba a kunnen yaro da babba. Yau kuma waya ta ƙarasa abin da kaset ya fara. Ashe dattijo ya yi gaskiya da ya ce tasha ba wurinta ba ne, amma ya yi kuskure da ya ce batsa ce tsagwaronta. Zanen da ya dace da ɗaka ba shi ne na zuwa kasuwa ba, wannan kuwa bai sa ya zama tsumma ba. Iyaka ita ma Barmani ba za a wanke ta sarai ba, gama ta san inda kaset ke zuwa, ta kuwa ci ribarsa.

Akwai sauran magana guda wadda ba laifinta ba ce ita kaɗai, laifinmu ne duka. Amada ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ka cire amshi da ƙorai, abin da ya rage magana ce kawai. To, a cikin dubban da suka haddace waƙoƙinta, mutum nawa ne za su iya kiran sunan mace ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna bayanta shekara da shekaru suna kiɗa suna amshi? Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, a birnin Detroit, an yi wata ƙungiyar 'yan mata mawaƙa mai suna The Supremes, wadda ta yi tashe ƙwarai cikin shekarun 1960. A 1967 aka sa sunan Diana Ross a gaban sunan ƙungiyar, a shekarar kuma aka fitar da Florence Ballard, wadda da ita aka kafa ta. Ta rasu a 1976 tana da shekara 32, bayan ta sha talauci. Can da nan duk ɗaya ne: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai can an rubuta sunan wadda aka manta, har ga shi mun san shi a Zariya. Namu kuwa ko wannan ba su samu ba.

Masana ba su yi watsi da Barmani ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya rubuta makala ta tunawa da ita bayan rasuwarta, ɗalibai kuma suna nazarin waƙoƙinta. Amma kiɗan kansa yana ja da baya. Tun da waƙoƙin fim da na fiyano suka shigo cikin shekarun 1990, gidan biki ya koma hannun mai na'ura da lasifika, ƙwarya kuma roba ta kore ta daga ɗakin girki. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe ƙwarya ba, yaya za ta san muryarta?

In an ɗora komai bisa ma'auni, ni a ganina yabon Barmani ya rinjayi gyaranta nesa ba kusa ba. Ta gaza wajen kishiya, ta tsallake maganar talla, ta kuma bari abin ɗaka ya fita waje. Amma ta ɗauki rayuwar macen Bahaushe, wadda makaɗan sarakuna ba su ga abin waƙa a cikinta ba, ta nuna ta isa a yi mata kiɗa, ta kuwa yi shi da harshen matan da kayan aikinsu. Ba kowane mawaƙi ne waƙarsa ke sayen kasko ba.

Saura ku da Allah ya ba ku sanin karatu da rubutu. A unguwarku ba za a rasa tsohuwar da ta taɓa kiɗan ƙwarya ko amshi ba. Ku je ku gaishe ta, ku nemi izininta, ku rubuta sunanta da garinsu da wadda ta koya mata da abin da ta tuna, tun ba a wayi gari an ce da ma ba. Hajiya Sa'adatu kuwa, Allah ya jiƙanta, ya yafe kurakuranta, ya sa ta huta. Amin.