Tears of the Sun: Najeriyar da aka ɗauka a Hawaii

Tashoshin tauraron ɗan'adam na yawan maimaita fim ɗin yaƙin nan na Amurka, Tears of the Sun, wanda Antoine Fuqua ya ba da umarni a 2003, yaranmu kuma suna kallo baki buɗe. Wai a Najeriya ake: Janar Mustafa Yakubu, Bafulatani, ya ƙwace mulki, sojojinsa na karkashe Kiristoci 'yan ƙabilar Ibo, sai Bruce Willis da dakarunsa suka zo suka tsallakar da wata likita da masu gudun hijira zuwa iyakar Kamaru.

Ɗaukar hoton dai ba laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka raba mutane gida biyu, waɗannan azzalumai, waɗancan abin tausayi, mai ceto kuwa Bature. Mu da muka ga Maris na 1987 da Afrilun 2011 a Kafanchan mun san ba haka abin yake ba. An yi rashi ta kowane ɓangare, gobarar kasuwa ta ci dukiyar kowa, waɗanda suka ɓoye mutane a ɗakunansu kuma maƙwabta ne, Musulmi da Kirista.

Iyaye, in yaro ya kalla, a zauna da shi a ba shi labarin garinsu yadda ya faru.