Masu Farautar Duhu

Kafin mai ɗaukar hoton taurari ya danna kyamara ko sau ɗaya, ya riga ya kwashe makonni yana neman abin da jama'a ke gudu, wato duhu. Ba duhun ɗauke wuta ba, wanda janareton maƙwabci ke kashewa cikin minti biyu. Duhu yake nema na ainihi, irin wanda idan ka tsaya a cikinsa farar hanyar taurarin nan da masana ke kira Milky Way take fitowa sarai, ta raba sama gida biyu. Ni dai wannan neman ya fi burge ni a kan hoton kansa.

Duhun ya yi tsada. A 2016 wani masani ɗan Italiya, Fabio Falchi, da abokan aikinsa sun fitar da taswirar hasken fitilu na duniya, suka nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam ba sa iya ganin wannan hanya daga inda suke zaune. Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska ne suka fi kowa tsabtar sama. Masu wannan sana'a suna auna wuri da ma'aunin da John Bortle ya wallafa a 2001, daga 1 zuwa 9. Tara ita ce tsakiyar birni. A mataki na ɗaya kuwa, hasken taurari kaɗai yakan sa inuwa ta faɗo ƙasa.

Amma taswira rabin magana take faɗa, kuma a nan gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo ya ga baƙin wuri a taswira sai ya nufa. Gwani tambaya yake fara yi: wace kusurwa zan fuskanta? Cibiyar Milky Way, inda taurari suka fi cunkushewa, a kudu take bayyana. Don haka wanda ya bar birni ya yi arewa ya ja wa kansa, domin da ya juyo kudu hasken birnin ne zai tokare masa, ya tashi a gindin sama kamar ana ƙona daji daga nesa. Gwani kudu yake yi, ya bar birnin a bayan ƙeyarsa. Yana kuma karanta gajimare. Idan cikinsa ya yi fari ko ja da dare, akwai fitilu a ƙarƙashinsa. Idan ya zama baƙin rami a tsakanin taurari, to an iso.

Sai lissafin wata. Farin wata kan shafe ƙananan taurari kamar yadda fitilar titi ke yi, shi ya sa ake zaɓar kwanakin ɓatansa da na farkon tsayuwarsa. Ko a daren ma akwai iyaka: duhu ba ya cika sai rana ta yi digiri 18 a ƙarƙashin gindin sama. Wanda ya saba duba lokutan salla ya san wannan lokaci na cikakken duhu, don kusan shi ne tsakanin ɓacewar shafaƙi da ketowar alfijir.

A yankinmu na Sahel akwai wani ƙulli da sai mai haƙuri ke kwancewa. Da hunturu babu gajimare, amma hazo ya turnuƙe sama, kuma cibiyar ma ba ta fitowa da dare a Disamba da farkon Janairu. Lokacin da take kan ganiyarta, daga Mayu zuwa Agusta, hadari ne ke yawo. Saboda haka daren da ake jira shi ne wanda ruwa ya sauka ya wanke ƙura, gari ya washe. A irin wannan dare, daga wajajen Kano cibiyar takan haura kusan digiri 49, alhali a Landan da ƙyar take kai 10. A gandun NamibRand na Namibiya, wanda aka ayyana wurin kare duhun sama a 2012, kusan tsakar ka take tsayawa.

Sauran aikin na ƙafa ne, kuma da rana ake yin sa. Gwani yakan je ya ga hanya, ya gano rami da ƙaya, ya zaɓi kukar ko dutsen da zai tsaya a gaban hoton, don sama ba tare da ƙasa ba ba ta nuna girmanta. Ya tambayi lafiyar wurin, ya gaida mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi, domin baƙo da na'ura a jeji tsakar dare abin tambaya ne.

Idan ya dawo da dare, jar tocila yake kunnawa, saboda ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin hasken waya kuma nan take yake ɓata wannan sabo. Sai ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya buɗe idonta na daƙiƙa 15 ko 20, ya ja da baya ya tsaya cik har ta rufe.