Kafin Mu Ce Wa Mai Rauni Ya Faɗi Labarinsa

Da yawa daga cikinmu mun koyar da littafin Healing the Wounds of Trauma, wanda Harriet Hill da abokan aikinta suka fitar a Nairobi a 2004. Ya taimake mu ƙwarai, musamman tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato. Ya koya wa ikilisiya cewa kuka gaban Allah ba zunubi ba ne, kamar yadda Zabura 88 ta nuna. Amma mutumin da ya fi tsayawa a kansa shi ne wanda ya san abin da ya same shi, yana kuma iya faɗa.

A Illela na gamu da wata mata da ba haka take ba. Ta daina ci, barci ya ƙaurace mata, tana cewa mutuwa ta fi mata. Tun tana ƙarama aka ci zarafinta a gidan riƙo. Ranar da muka zo darasin kai baƙin ciki gindin gicciye, na matsa mata ta yi magana. Sai idonta ya kafe, muryarta ta koma ta yarinya, daga baya ba ta tuna kome ba. Dattawa suka ce aljanu ne, aka kwana ana tsawata wa ruhohi. Ni na jawo mata wannan.

Likitoci sun san wannan ɗaukewar hankali. Yaron da ba shi da wurin gudu, hankalinsa ne ke gudu ya bar jikin, kuma dabarar takan bi shi har girma, tare da ciwon damuwa. Judith Herman, a littafinta na 1992, ta tsara jiyya mataki uku: samun kwanciyar hankali da tsaro, sai tunawa da makoki, sannan komawa cikin mutane. Mu mukan fara daga na biyu domin bitarmu ta 'yan kwanaki ce.

Idan haka ta faru gabanka, ɗan'uwa, ka dakatar da labarin. Kira sunanta a hankali, ka ba ta ruwa, ka tambaye ta abin da take gani a ɗakin. Wanda ke maganar kashe kansa kuwa, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a kan hanyar Sakkwato. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, sai ka gargaɗi iyali kada su yar da shi bayan kwana biyar.