Taswira Ba Ta Cewa "Wai": Sharhi Kan Afirka ta Ortelius

A shekarar 1570 Abraham Ortelius ya wallafa kundin taswirori mai suna Theatrum Orbis Terrarum a birnin Antwerp. Taswirar Afirka da ke cikinsa tana daga cikin waɗanda masu tara tsofaffin taswirori ke rububi har yau, kuma launinta ne kan fara jan ido. Akan sassaƙa zanen a farantin jan ƙarfe, a buga da baƙar tawada, sannan a shafa launi da hannu. Koren, wanda ake haɗawa da tsatsar jan ƙarfe, yakan ci takarda har ya ɓullo ta baya, kuma da wannan tabo masana ke bambanta launin asali da na baya-bayan nan.

Mai nazari kuwa tambayarsa ta wuce ta dillali: me launin ya yi wa labarin? Ortelius bai taɓa ganin ƙasashen nan ba. Ya dogara da taswirar Giacomo Gastaldi, shi kuma ya ɗebo daga littafin Hasan al-Wazzan, wato Leo Africanus, da aka buga a Venice a 1550. Ta wannan hanya Kano da Gobir da Zamfara suka shiga taswirar da sunayen Cano da Guber da Zanfara. Ta nan kuma kuskure ya biyo: an sa kogin Kwara ya nufi yamma ya faɗa Tekun Atlantika.

Mai ba da labari yana da "wai" da "an ce", waɗanda ke gargaɗin mai sauraro. Zane ba shi da su. Hannun da ya shafa launi a gaɓar da jiragen Fotugal suka auna, shi ya shafa wa kogin da aka ji a baki, sai tabbas da jita-jita suka fito cikin riga ɗaya. Sai a 1796 Mungo Park ya ga kogin a Segu yana gangarawa gabas, a 1830 kuma 'yan'uwan Lander suka bi shi har teku.

Wannan bai rage wa taswirar daraja ba, domin ta adana abin da Turai ta ji game da ƙasar Hausa a ƙarni na 16. Amma wanda ya rataye ta a bango, ya kamata ya mayar mata da "wai" ɗin da launi ya rufe.